Kilomita 21 a Ƙafa: Yadda Na Shiga Rabin Gudun Fanfalaki a Akra Ban Yi Gudu Ba

Rabin gudun fanfalaki kilomita 21 ne da mita 97 da rabi. Masu gudun gaske, irin su William Amponsah na nan Ghana da 'yan Kenya da kan zo mana gasa, suna cinye wannan nisa cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Ni na yi shi cikin awa 3 da minti 22, kuma daga tashi har zuwa ƙarshe ban ɗaga ƙafa da sunan gudu ba. Tafiya na yi, da niyya, kuma tafiyar na yi wa shiri na watanni. Matan zango da yawa sun tare ni a shago suna tambayar yadda aka yi, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi tiryan-tiryan.

Ni 'yar Nima ce, a nan aka haife ni, ina sayar da atamfa da leshi, kuma shekaruna sun doshi hamsin. Duk wadda ta san zaman shago ta san wuni ake yi a kan kujera, in ba alwala ko miƙo wa mai saye turmi ba babu abin da zai tayar da ke. A asibiti aka ce jinina ya hau, aka ɗora ni a kan magani, nas ɗin kuma ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a kowane mako. Likita ya duba gwiwoyina ya ce gudu ba nawa ba ne, amma tafiya in yi iya son raina. 'Yata ce ta gano cewa gasar rabin fanfalakin da ake yi a cikin gari tana karɓar masu tafiya. Ita ta cike mini takardar a waya, na biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Bayan Babbar Sallah na fara shiri, gasar kuma a watan Satumba take.

Da farko bayan sallar Asuba nake fita, ni da ƙanwata. Mu bi titin Kanda daga Kawukudi, mu wuce Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021, mu taɓo Ring Road mu juyo. A wannan lokacin masu koko sun fara fitowa da bokitansu, motoci kuma ba su yi yawa ba tukuna. Magana kam na sha ta. "Hajiya, lafiya? Wa ya rasu?" Wani ya ce in kuɗin mota ne babu zai biya mini. Wata dattijuwa da nake ganin girmanta ta kira ni gefe ta ce mace mai 'ya'ya manya ba ta yawo da kambas a titi. Na ce mata, "Mma, ai kin je Makka. Safa da Marwa sau bakwai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da zuwa jifa daga Mina. Mutum nawa muka gani a can ƙafa ta gaza musu?" Ta yi shiru, sannan ta ce to in dai rufe jikina. Na ce wannan dole ne. Maigida shi tun farko bai hana ba, sharaɗinsa ɗaya ne, kada in fita ni kaɗai cikin duhu.

Inda abin ya fara zama aiki shi ne wajen lissafi. Tafiyar da muke yi zuwa kasuwa ko gidan biki tana cin wajen minti 12 a kowace kilomita. In kika ninka wannan sau 21, kin haura awa huɗu. Mu kuma an gaya mana za a tsare mana hanya na awa uku da rabi ne, wato dole kowace kilomita ta zo ƙasa da minti goma. Mutane na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. To a wannan harka daɗewar ita ce matsalar, domin in kika daɗe za ki tarar an naɗe tabarma. Minti biyun nan da ke tsakanin 12 da 10 a baki ba komai ba ne, amma su suka ci mini yawancin watannin shirin.

A Ayi Mensah na haɗu da wanda ya koya mini. Wanda bai taɓa zuwa gindin dutsen Aburi ranar Asabar da asuba ba, ya je ya gani. Ɗaruruwan mutane ne, ƙungiya-ƙungiya, wasu da ganga da ƙararrawa suna waƙa, suna hawa har Peduase su sauko, hawan wajen kilomita biyar. A cikinsu akwai wani dattijo tsohon soja ɗan Madina Zango, Baba Soja kowa ke ce masa. Ya biyo bayana na ɗan lokaci yana kallo, sannan ya matso.

"'Yata, kina miƙa ƙafa da nisa. Kina taka wa kanki birki ne."

Na ce, "Baba, ai sauri nake so."

Ya ce, "Sauri a hannu yake. Lanƙwasa gwiwar hannunki, ki riƙa kai ta baya. Ƙafa za ta bi."

Abin da ya nuna mini a bakin hanyar nan shi na riƙe har ranar gasa. Taku ya zama gajere amma a kai a kai. Diddige ya fara sauka, tafin ƙafa ya mirgina, sannan ki tura ƙasa da yatsu. Kai a ɗage, ido a can gaba, kafaɗa a sake, hannu kada ya riƙa gitta ƙirji. Ya kuma ba ni ma'auni mai sauƙi: in kina iya waƙa, ba ki fara ba, in ba kya iya haɗa magana, kin wuce gona da iri, ki zauna a inda za ki iya magana amma ba ki iya waƙa. Wannan daban yake da tseren tafiya na gasar Olamfik, inda alƙalai ke duba cewa ƙafa ɗaya ba ta rabu da ƙasa ba kuma gwiwa a miƙe take lokacin sauka, inda gwanaye suka sha yin kilomita 20 a ƙasa da awa ɗaya da minti 20. Mu babu alƙalin da ke bin mu. Amma tushen takun ɗaya ne.

Wurin da ya fara yi mini ciwo ban taɓa zato ba: gaban ƙwauri. Naman wurin ne ke ɗaga yatsu sama duk lokacin da diddige zai sauka, kuma a tafiyar yau da kullum da silifa ba ya wani aiki. Yakan yi zafi a minti goman farko har ki ji kamar ki tsaya. Maganin da Baba Soja ya ba ni shi ne in fara a hankali sai jiki ya ɗumama, kuma in riƙa jingina bayana da bango ina ɗaga yatsun ƙafa ina saukewa. A shago nake yi, tsakanin mai saye da mai saye. Bayan 'yan makonni ciwon ya tafi bai dawo ba.

Takalmi a Kantamanto na saya, a rumfunan da aka sake ginawa bayan gobarar Janairun 2025. Sabo a manyan kantuna kuɗinsa ya fi ƙarfina, na gwanjo kuma yana da kyau in kin san abin dubawa. Ki je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki tafi da safar da za ki riƙa sawa. Ki juya takalmin ki duba ƙasansa, in ya cinye ta gefe ɗaya ki ajiye, takun mai shi na farko zai ɗora miki. Ki lanƙwasa shi da hannu, ya kamata ya karye a wajen yatsu ba a tsakiya ba. Ki bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunki da bakin takalmin. Safa kada ta zama ta auduga zalla, tana shan zufa ta riƙe, daga nan bororo ke tasowa. Sutura kuwa na yi ta gwaji har na tsaya a kan dogon wando mara nauyi, riga mai dogon hannu da ta kai gwiwa, ƙaramin hijabi na roba wanda ba ya buƙatar fil, da hular hana-sallah a kai saboda rana. Man kaɗe kuma ya zama abokin tafiya: tsakanin cinyoyi, hammata, tsakanin yatsun ƙafa, da wuyan hijabi inda ɗinki ke goga. Wadda ta raina wannan za ta gane ranar da ta zuba ruwan wanka.

Tsarin makon bai da wuya. Wasu ranakun gajeriyar tafiya ce mai sauri a Kanda, in yi minti biyu da ƙarfi in sassauta, in sake. Rana ɗaya doguwar tafiya, wani lokaci Aburi, wani lokaci cikin jami'ar Legon inda akwai inuwa kuma babu ruwan motoci. Doguwar ta tashi daga kilomita 8, tana ƙaruwa da ɗaya ko biyu, bayan 'yan makonni in ja baya don jiki ya huta, har na kai 18 ana saura mako uku. Daga nan na rage. Ba a buƙatar yin 21 ɗin kafin ranar.

Abu mafi amfani da na ji daga bakin Baba Soja shi ne maganar rana. Yuli da Agusta su ne lokacin sanyi a Akra, gari a lumshe, iska na kaɗawa daga teku, sai ki ɗauka kin ƙware. Ya ce mini, "Mai gudu zai gama kafin bakwai da rabi, yana gida yana shan shayi. Ke ƙarfe tara za ta same ki a kan kwalta. Gasarki daban ce da tasa, rana ce abokiyar karawarki." Don haka na riƙa jinkirta wasu dogayen tafiye-tafiyen don su kai ni ƙarfe tara ko goma. A nan na koyi shan ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi, na koyi cewa cikina ba ya son koko mai yaji da ƙosai kafin doguwar tafiya duk da ƙaunar da nake musu, sai shayi da burodi da ayaba. A hanya kuma dabino, ɗaya bayan kowane minti arba'in ko makamancin haka, da ruwan gishiri da sukari a ƙaramar gora. Da yake ina shan maganin hawan jini, sai da na tambayi likita kafin in fara shan wannan ruwan, kuma duk mai irin lalurata ta yi haka.

Ranar gasa na yi sallar Asuba a gida, muka ɗauki tasi ni da 'yata zuwa Dandalin Black Star. Gari bai gama wayewa ba, ana jin ƙarar teku a bayan dandalin, ga kiɗa, ga dubban mutane da lambobi a ƙirji. Na je can baya na tsaya, domin mai tafiya in ta shiga gaba tare hanya za ta yi, kuma za a bangaje ta. Ana ba da alama kowa ya zabura, har waɗanda da gani ba su yi wani shiri ba. Minti biyar ɗin nan na farko yana da wuya a zuciya. Kina gani ana barin ki, ƙafarki na son ta bi, 'yan kallo na cewa "Maame, ki yi gudu mana!" Na duba agogo, na riƙe takuna.

Mun bi ta Osu muka nufi La, teku na hannun dama. Ban kai wurin juyawa ba na ga na gaba sun dawo ta ɗaya hannun, babur na share musu hanya, ƙafafunsu ba sa ko ƙara. Na tafa musu da zuciya ɗaya. Daga wajen kilomita bakwai kuma sai na fara cim ma waɗanda suka zabura ɗazu, samari majiya ƙarfi, wasu sun riƙe ƙugu, wasu sun zauna a bakin kwalbati. Ni kuwa kilomitana na zuwa minti tara da rabi, ɗaya bayan ɗaya. Ba na jin daɗin gajiyar kowa, amma a nan na tabbatar cewa abin da na shirya wa daidai ne.

Daga shataletalen Danquah muka hau Ring Road, muka wuce gadar Ako Adjei. Da na hango mahaɗar Nima sai na ga taro a bakin hanya: ƙanwata, maƙwabtan shago, yaran gidanmu, har da dattijuwar nan da ta kira ni gefe, tana zaune a kan kujerar roba da aka fito mata da ita. Ta ɗaga carbinta ta ce, "Allah ya ba ki sa'a, 'yata! Allah ya kai ki lafiya!" Ban tsaya ba, na ɗaga hannu na ce amin, hawaye na haɗuwa da zufa. Ƙanwata ta bi ni da sassarfa ta canza mini gora.

A Circle, babbar mahaɗar Kwame Nkrumah, ƙarƙashin gadojin sama, na tuna daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu suka ci rayuka sama da 150, cikinsu har da mutanen da muka sani a zango. Na yi musu addu'a ina tafe.

Bayan Circle ne gasar mai tafiya ta fara da gaske. Rana ta fito sosai. Teburin ruwa na gaba na tarar da shi wayam, sai tulin ledoji a ƙasa, yaran da ke wurin suna ba ni haƙuri cewa ya ƙare. Na gaba da shi ma haka. Kafin in kai Obetsebi-Lamptey an saki motoci, alhali lokacin da aka yi mana alkawari bai cika ba. Trotro, ƙananan bas ɗin haya, na tsayawa a gabanka ba sigina, yaran mota na kiran Kaneshie, masu okada na kutsawa, ga masu sayen kayan mota na Abossey Okai sun fara cika hanya da yake Asabar ce. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma har yanzu ina ganin ba daidai ba ne. Mun biya kuɗi ɗaya da na gaba. Wanda ya daɗe a rana shi ya fi buƙatar ruwa, amma shi ake bari ba ruwa. Abin da ya cece ni shi ne 'yan sidin da na ƙulle a aljihun wando. A kusa da Sabon Zango, zangon Malam Bako, na tsayar da wata yarinya mai tallan fiya wata, na sayi biyu. Da ta ga lamba a ƙirjina ta ce, "Anti, daga ina?" Na ce daga Black Star, ta La. Ta ce, "A ƙafa? Sannu, Anti!" Na fasa ɗaya da haƙori na sha rabi, sauran na zuba a wuyan hijabi, sanyin ya gangara har baya.

Hanyar da ta bi gefen tafkin Korle ita ce mafi tsanani. Babu inuwa ko ta sandar lantarki, warin tafkin ya cika hanci, zafin kwalta na bugun fuska kamar an buɗe murfin tukunyar tuwo. Tafin ƙafata na zafi, yatsun hannuna sun kumbura har zobe ya matse, kwankwaso ya yi nauyi. Kilomita ɗaya ta kai ni minti goma da rabi. A nan na cim ma wata mata 'yar ƙabilar Ga, ta girme ni, tana tafe tana jan ƙafa. Ba na jin Ga sosai, ita kuma Hausarta ta ciniki ce. Na miƙa mata dabino biyu, na nuna mata ta lanƙwasa hannu. Muka jera. Ba mu yi wata hira ba, sai dai in ta ga na sassauta ta ce "Hajia, mu je," in na ga ta sassauta in ce mata haka. Da na mayar da hankalina kan gwiwar hannu na bar tunanin ƙafa, sai takun ya dawo, yadda Baba Soja ya faɗa.

Da hasumiyar Jamestown mai ja da fari ta bayyana, iskar teku ta sake samun mu. Samarin unguwar, waɗanda dambe ke cikin jininsu tun zamanin Azumah Nelson, suka tsaya a bakin hanya suna ihun "Ayekoo!", wato sannu da aiki, wani ya shiga gaba yana tare mana motoci da hannu har muka wuce Ussher Fort. Daga nan High Street ce miƙe, mu wuce wurin tunawa da Kwame Nkrumah, sai ga ƙofar Black Star da rubutun 1957 a samanta. Saura 'yan mita matar nan ta ce mu ruga. Na ce ta je, ni da tafiya na zo. Ta ruga, na biyo ta da takuna, na taka layin. An riga an ba da kyaututtuka, an fara kwance rumfuna, amma agogo na nan yana aiki, kuma wata yarinya ta rataya mini lambar yabo iri ɗaya da ta kowa. 'Yata ta rungume ni. Na ce Alhamdulillahi, na kasa ƙara wata kalma.

Ban zauna nan take ba, na yi ta zagayawa a hankali na wajen minti goma don kada jiri ya ɗebe ni, sannan na cire takalmi. Bororo ɗaya ne a ƙaramin yatsa, farce ɗaya kuma daga baya ya yi baƙi ya faɗi, wani ya fito. A gida na ci wake da shinkafa da ƙwai, na sha fura, na kwanta. Azahar da La'asar a zaune na yi su ranar, washegari saukowa daga bene sai da riƙe bango. Kafin mako ya zagayo na koma Kanda da gajeriyar tafiya. Awon jinina ya sauko fiye da yadda yake a farkon shekara, amma ban daina shan magani ba, kuma likita bai ce in daina ba.

Na sa 'yata ta rubuta wa masu shirya gasar saƙo. Na gode musu da suka buɗe wa masu tafiya ƙofa, sannan na roƙi abu uku: su faɗi lokacin sakin hanya a fili kuma su cika shi, su ware ruwa a tebura na ƙarshe wanda ba za a taɓa ba sai na baya sun iso, su sa mota ko babur ya bi bayan mutum na ƙarshe. Duk wadda za ta yi rajista, ta tambayi waɗannan kafin ta biya, kuma ko an amsa mata da daɗi ta riƙe gorarta da 'yan kuɗinta.

Yanzu mata da dama daga Nima da Mamobi suna fitowa tare da mu bayan Asuba. Biyu daga cikinsu Hajji suke yi wa shiri, ɗaya ciwon sukari ne ya fito da ita, akwai kuma waɗanda suka ce kilomita biyar za su fara shiga a gasa mai zuwa. Muna haɗuwa a mahaɗar Kawukudi, ranar Asabar kuma mu haɗa kuɗin mota zuwa Ayi Mensah.